Ki Faɗa Masa Ba a Gama Ba

Daga Gummi,
ranar tafiyarki.

Zuwa ga 'Yar Goggo,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki kin sauka Kaduna lafiya, ya tsare ki daga sharrin hanya da na masu tare ta, ya haɗa ki da mutanen kirki a masauki da wurin aiki. Amin.

Na san za ki yi mamakin ganin rubutuna a ƙarƙashin busasshen kifi. Nan na ga ya fi, don komai kina iya mantawa da shi a jaka ban da kifin Gummi. Ba labarin gida zan ba ki ba, ɗazu kika bar mu. Magana ce da ba zan iya duban idonki in faɗa ba. Ke ce 'yar farina, kuma kin san yadda muke. Tun da aka yanke miki cibiya ban taɓa kiran sunanki ba, ban taɓa zama mun yi doguwar hira ba. Da aka yaye ki Goggonki ta Bukkuyum ta ɗauke ki, shi ya sa har yau kike 'Yar Goggo a bakina. In ina da saƙo ƙanwarki Hauwa nake ba, ko da tabarma ɗaya muke zaune ni da ke. To wannan ya fi ƙarfin Hauwa, surutu zai sa ta zubar da rabinsa kafin ta iso gare ki.

Shekaranjiya da la'asar ina bakacen shinkafa a tsakar gida wayarki ta yi ƙara. Kika miƙe tsaye har da ɗan rusunawa, sai ka ce mutumin yana ganinki. Na ji kin ce, "Ranka ya daɗe, komai lafiya lau. An kusa gamawa, saura kaɗan in sha Allahu." Kika ajiye waya kika tasa tuwo gaba har ya sandare. Tuwon shinkafa da miyar kifi fa, ke da ba ki amsa sallama in kina cinsa. Hankalina ya tashi, na sa Hauwa ta bugi cikinki.

Ga abin da na fahimta, in na yi kuskure ki yi mini uzuri. Kamfaninku ya ba ki shugabancin aikin haɗa manhajar da ma'aikatan ƙananan asibitocin Anka da Gummi da Bukkuyum za su riƙa amfani da ita a waya, don su san wane yaro ya kamata ya dawo shan magani, wane ne bai dawo ba. Manajanku ya riga ya yi wa manya alkawarin ranar buɗewa kafin ruwa ya sauka. Amma ɓangaren da zai sa ta yi aiki inda babu sabis bai kammalu ba. Ɓangaren yana hannun mutum ɗaya, Malam Isiyaku, wanda ya kusa sa'ar babanki. Kullum kika tambaye shi sai ya ce an kusa, ke kuma ki ɗauki "an kusa" ɗin ki kai wa Manaja, shi ma ya ɗauka ya kai sama. Tsoronki shi ne in kika faɗi gaskiya a ce an ba yarinya aiki ta kasa, a karɓe shi.

Ban san yadda ake rubuta manhaja ba, kuma ba a wannan shekarun zan koya ba. Amma "an kusa" da "ya yi kyau" na san su kamar yunwar cikina, don na sha faɗarsu, na kuma ga abin da suke haifarwa.

Lokacin da gubar dalma ta shiga yaran Bagega da ƙauyukan Anka kina makaranta, ni kuma ina aikin lafiya a can. Ana niƙa dutsen zinariya cikin gidaje, ƙura ta bi abinci da hannun yara, sai jijjiga da suma. Maganin ba na sha ɗaya ba ne. A ba yaro, a sallame shi, ya dawo a auna jininsa, in gubar ba ta sauka ba a sake ba shi. Ran yaron yana rataye da dawowar nan. Ana cikin haka wasu samari suka zo daga birni da ƙananan kwamfutocin hannu masu kama da allo, sun sa musu manhajar da za ta riƙa tuna mana wa zai dawo. Yara ne masu ladabi. Suka tara mu suka nuna mana, shugabansu, wani siriri mai tabarau, ya yi ta tambaya ko akwai abin da suka manta.

Abu na farko da allon ke nema shi ne sunan yaro, kuma uwa ake tambaya. Ina gani na san da matsala, ni da nake da 'yar fari a Bukkuyum. Amma inchajinmu, shugaban asibitin, na zaune, baƙi sun sha hanya sun yi gumi, kuma ban so 'yan birni su koma suna ba da labarin matan ƙauyen da ba su iya faɗin sunan ɗan da suka haifa. Na ce, "Ya yi kyau ƙwarai, Allah shi saka da alheri." Kowa ya bi bakina. Suka tafi suna murna, suka kai rahoto cewa ma'aikata sun gamsu.

Sai ga Dije, wata yarinya daga Sunke, goye da ɗanta na fari. Na ce mata, "Mi as sunan yaron?" Ta sunkuyar da kai ta ja bakin mayafi ta rufe baki, ta ce, "Wanga dai." Maƙwabciyar da ta rako ta ta ce, "Ɗanjuma aka ce mai." Na rubuta Ɗanjuma. Ranar dawowa kakarsa ce ta kawo shi, ba ni ke aiki ba, ta ce sunansa Manu. Allon ya ɗauke shi sabon yaro, aka mai da shi farkon layi. Shi kuma Ɗanjuma allon ya nuna bai dawo ba, aka tura mutum Sunke nemansa, ya tarar kusan kowane lungu da Ɗanjumansa. Ana wannan kewaye-kewaye lokacin sake ba yaron magani ya wuce.

Wata safiya Dije ta shigo da gudu, yaron na jijjiga a hannunta. Ɗaki cike da mutane, har da maza, surukarta na biye da ita. Ni kuma ina ta shafa allo, ina tambaya Ɗanjuma ne ko Manu, don likita na son ya san me aka riga aka ba shi. Dije ta sauke mayafin daga bakinta ta ce da ƙarfi, "Usmanu as sunanai. Usmanu, ɗana na, ni na haihe shi. Ki rubuta, ki bar biɗar wani." Surukarta ta juya fuska bango. Ba wanda ya ce mata ta yi rashin kunya, har yau kuwa.

Allah ya yi da sauran kwanansa. Maganarsa ta yi jinkirin fitowa, amma yanzu saurayi ne, yana noma da babansa, duk kaka Dije na aiko mini da gyaɗa. Bayan abin ya lafa na nemi lambar mai tabarau na gaya masa yadda muke da 'ya'yan fari. Ya ce, "Inna, ai gyaran ba wuya, da tun ranar nan kika faɗa." Ya ƙara sunan uwa da na ƙauye da hoton yaro, magana ta ƙare. Bai yi mini faɗa ba. Da ya yi ma da na fi jin sauƙi, don raina ya daɗe yana ɓaci in na tuna.

Saboda haka in kin zo da manhajarki ƙasarmu, kada ki tara ma'aikata a gaban shugabansu ki tambaye su ko ta yi. Za su ce ta yi kyau, kuma ba ƙarya suke nufi ba, gaisuwa ce suke miki irin ta baƙo. Ki bari taro ya watse, ki cire takalmi ki zauna gefen wadda ke karɓar yara ranar awo, ki ba ta wayar ki yi shiru. Ki dubi yatsanta. Inda ya tsaya yana shawagi, inda ta ɗago ta nemi wata da ido, nan gyaranki yake. In kin ga ta ajiye wayar ta jawo biro tana rubutu a tafin hannu, kada ki ji haushi, ki tambaye ta a hankali me ta rasa a ciki. Ki je har inda sabis ba ya kaiwa, inda ake hawa tudu da waya a sama ana neman sandar sabis ko da ɗaya, don can ne yaran da suka fi buƙatarta suke.

Labari na biyu kin san ƙarshensa, don har yau babanki in ya ga gutsattsarin shinkafa a kwano sai ya ce, "A'a, yau shinkafar Shugaba anka dafa?" Ku yi ta dariya. Farkonsa ne ba ki sani ba. Da na bar aiki na dawo Gummi, matan unguwa suka naɗa ni shugabar masu turara shinkafa, ba don na fi su iyawa ba, don dai na iya karatu. Wani Alhaji ya nemi mu yi masa shinkafar walimar saukar karatun 'ya'yansa. Ya faɗi rana, na ce an gama, ban tambayi matan da za su tsaya bakin wuta ba, ban ɗaga kai na dubi sama ba. Bayan mun jiƙa sai ya aiko a ƙara, baƙi sun yawaita. Na ce ba komai. Ya sake aikowa a tsince tsakuwa tsaf. Ba komai. Ya ce a ɗura a ƙananan buhuna don rabo. Ba komai, Alhaji. Aiki ya ninka, rana kuwa tana nan inda take.

Cikinmu duka Iya Tumba ce kaɗai ta san lokacin da turare ya isa. Ta buɗe tukunya ta shaƙi tururi, ta murza ƙwaya ɗaya ta ce a sauke. Mun daɗe tare da ita, ba wadda ta taɓa cewa ta koya mata, ai Iya na nan. Ana tsakar aiki 'yarta ta haihu a Anka, ta ɗaure kayanta ta tafi wankan jego. Wa zai hana ta?

Da na ga rana ta matso sai na kira gayya. Babanki ya ce, "Ke ko kin lissafa tukwanenki kahin ki tara duniya?" Na ce ya bar mata da aikinsu. Mata suka cika gida, sun fi tukwane yawa. Waɗanda suka iya suka bar aiki suka koma koya wa baƙi, wasu suka koma dafa wa 'yan gayya abinci. Wannan ta sauke da wuri, waccan ta bari ta yi luguf, wata ta shanya a rana mai zafi ta tafi hira. Da aka kai inji rabi ta kakkarye. Alhaji bai ce komai ba, ya karɓi mai kyau, ya aika kasuwa da gaggawa aka cike masa. Shirun nasa ya fi zagi ciwo. Sauran kuwa gidanmu ya cinye ta, shi ya sa kuka san ta.

Na kawo wannan ne don na san abin da Manaja zai ce da zarar ya ji an makara: zai ce a ƙaro miki mutane. Kada ki yi saurin murna. Sababbin zuwa sai an koya musu, kuma wa zai koya musu in ba Malam Isiyaku ba, mutumin da kowa ke jira? Mutum ɗaya mai natsuwa ki nema, ki zaunar da shi kusa da Malam ya riƙa gani, ba don gaggawar yanzu ba, don kada ranar da Malam ya yi zazzaɓi ko aka kira shi gida aikinku ya tsaya cak. Kuma duk wanda ya aiko a ƙara wani abu, kome girman rigarsa, ki ce to, za a yi, amma wanne za a cire, ko zuwa yaushe za a ɗaga ranar? Ki faɗa da murmushi, ki bari shi ya zaɓa. Hauwa ta ce har an fara cewa a sa manhajar ta ƙirga magunguna ta kuma riƙa aika wa manya rahoto mai launi. Yaro ya dawo a kan lokaci tukuna, launi ya biyo baya.

Shi kuma Malam Isiyaku, kada ki ɗauke shi maƙaryaci. Ina jin irin kunyar da kike ji ta Manaja ce yake ji taki. Dattijo ne, ta ina zai fara gaya wa sa'ar 'yarsa abu ya gagare shi? Ki daina tambayarsa ko an gama, amsar wannan ɗaya ce a ƙasar Hausa. Ki same shi shi kaɗai, ba cikin taro ba, ki gaishe shi yadda ya kamata, ki ce, "Baba, nuna mini inda aka kai, mu kashe sabis mu gwada." Ku gani tare. Abin da ya yi aiki ki yaba masa, wanda ya ƙi ki tambaye shi me ya tsaya masa, me kuma yake buƙata. Za ki ga ya sauke numfashi, don shi ma kayan sun daɗe a kansa.

Daga nan sai wurin Manaja, kuma wannan shi ne dalilin takardar nan. Kada ki jira wani mako. Ki shiga da sallama, ki rusuna in kina so, ba wanda ya ce ki zubar da tarbiyyarki. Amma in kin ɗago ki ce masa ba a gama ba. Ki faɗa da waɗannan kalmomin, kada ki naɗe su cikin "saura kaɗan". Ki nuna masa abin da ke aiki da wanda ba ya yi, ki kuma je da mafita a hannu: ko a fara da asibitocin cikin gari masu sabis a ranar da ya yi alkawari, na ƙauye su biyo baya in an gwada an tabbatar, ko a ɗaga ranar baki ɗaya. Ki tuna masa cewa in ruwa ya sauka gulbi ya cika, akwai ƙauyukan da babur ma ba ya shiga, abin da aka kai musu a karye haka zai zauna har kaka. Ma'aikaciyar da ta dogara da shi za ta ɗauka yana tuna mata, alhali ya yi shiru.

Zai ji haushi, kada in ruɗe ki. Watakila ya ɗaga murya. Amma yau yana da lokacin da zai koma wurin manya ya gyara maganarsa cikin mutunci. Ranar buɗewa, an kafa rumfa an jera kujeru, ba shi da wannan. In mai hankali ne, kuma ina kyautata masa zato tunda shi ya hango ki ya ba ki aikin, zai gane cewa ya samu wadda in ta ce an gama to an gama. In kuwa ya karɓe aikin, zai yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba, don na ga irin wahalar da kika sha kafin ki kai nan. Amma ɗakinki na nan, kifi bai ƙare a gulbi ba, kuma mai ilimi irin naki ba ta daɗewa zaune. Abin da ba na so shi ne wata Dije ta tsaya gaban wayarki da yaro a hannu ana neman sunansa.

Ban yi nadamar kunyar da muka tashi da ita ba. Ita ta sa gidanmu yake da daɗin zama, ita ta sa duk inda kika shiga ake tambaya 'yar gidan wa ce. Sai dai ta gida ce. In kin isa ƙofar ofis ki riƙe ladabinki, shirun kuma ki ajiye shi a waje.

Ina da yaƙinin za ki iya. Tun kina ƙarama Goggonki ke kawo ƙararki wai kin kwance rediyonta don ki ga masu maganar, ni kuma in ɗaure fuska in ce ba ruwana da 'yarta, in shiga ɗaki in yi ta dariya ni kaɗai. Ranar da aka ce kin gama jami'a mata suka cika gidan nan da guɗa, ni na ce ina da wanki. Bayan ɗaki na zagaya na yi kukana na murna. Yau da na yi tunanin yaran ƙauyukan da na yi wa aiki za su riƙa dawowa a kan lokaci saboda abin da 'yata ta haɗa, sai in ji kamar an mai da ni bakin aikin da ƙarfina.

Na san za ki ce faɗa da baki da sauƙi, Inna ba ta san nauyin kalmar ba. Na sani. Tun da na fara takardar nan nake kewaya wata kalma, na ajiye biro na sha ruwa, na leƙa awaki, na dawo tana nan tana jirana. Dije ta faɗi tata a gaban surukarta da maza. Ni ba kowa a ɗakin nan sai ni da Allah, kuma bai kamata in aike ki abin da ni na kasa ba.

Saratu.

Ga shi na rubuta, hannuna bai karye ba, rufin ɗaki bai faɗo ba. Saratu 'yata, ni na haife ki, kuma ina alfahari da ke. Kada ki nuna wa Hauwa, kada kuma ki sa ran ji daga bakina in kin zo Sallah, a nan gida kina nan 'Yar Goggonki.

Allah ya tsare gabanki da bayanki, ya buɗe miki baki inda ya kamata, ya sanyaya zuciyar Manaja, ya warware wa Malam Isiyaku abin da ya ɗaure masa, ya raya yaran da aikinku zai taɓa. Ki riƙe salla, ki ci abinci da zafinsa. Kifin ki sake shanya shi kafin ki adana.

Ni na faɗi tawa kalmar, Saratu. Gobe da safe saura taki.

Wassalam,
Innarki.